Ƙarar Na'urar Wifi a Gida: Yadda Ake Gano Tushenta da Abin da Ake Yi Mata

Galibin na'urorin wifi da muke ajiyewa a gidajenmu na Garwa, Marwa, Ngaundere har zuwa Kusiri, ko rauta kake ce musu, ko modem, ko boks, babu wani abu mai juyawa a cikinsu. Ɗan allo ne mai ɗauke da ƙananan kayan lantarki, an rufe shi da kwanson roba. Lafiyayyar na'ura shiru take aikinta. Don haka duk ranar da ta fara siririn fito, ko gurnani, ko ƙas-ƙas, akwai dalili, kuma ana iya gano shi a gida da kunne da ɗan haƙuri.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke rabuwa gida biyu a kan wannan. Wasu da jin ƙara sai su yanke cewa na'urar ta mutu, su tafi su sayo sabuwa, su jona ta a soket ɗin da ya lalata ta farko. Wasu kuma su toshe kunne su bar ta tana tartsatsi a ɗakin da yara ke kwana. Sau da yawa laifin ba na na'urar ba ne sam, na cajarta ne, ko na wutar da ake ba ta, ko na wurin da aka ɗora ta. Kafin ka kashe ko sefa ɗaya, gano daga ina ƙarar take fitowa.

Ƙarar da ba a jira da ita

Akwai irin ƙarar da ba ta buƙatar bincike, cire filogi take buƙata nan take. Idan kana jin tas-tas ko tsit-tsit na tartsatsi, idan akwai ƙaurin roba, idan cajar ta yi zafin da ba za ka iya riƙe ta a tafin hannu ba, idan bakin filogin ya yi baƙi ko robar ta fara narkewa, kashe makunnin soket ɗin ka zare. In soket ɗin kansa ne ke tartsatsi, kashe wutar gidan daga babban makunni kafin ka taɓa shi, sannan ka kira mai gyaran wuta. Filogin da ke lilo a cikin soket mai sako-sako yana haifar da ɗan tartsatsin da ke cin ƙarfe da roba sannu a hankali, kuma daga irinsa gobara ke tashi.

Haka nan ƙaramar wifi ta aljihu mai batir. Idan murfin bayanta ya ɗago, ko ta daina zama daidai a kan tebur, batirin ya kumbura. Kada ka matse shi, kada ka huda shi, kada ka sake sa shi a caji. Cire shi a hankali, ka ajiye a waje a inuwa nesa da katifa da labule, ka nemi sabo.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to kwantar da hankalinka, a bi abin daki-daki.

Mataki na farko: raba kayan, ka saurari kowanne

Ka zaɓi lokacin da gida ya yi tsit, bayan isha'i ko da asuba. Kashe fanka da talabijin. A lungun da ake ajiye wifi yawanci kaya sun cakuɗe: na'urar, cajarta, ekstenshan ɗin da muke ce wa ralonj, cajojin waya, dikoda, wani lokaci da sitabilaiza. Siririyar ƙara tana da wuyar kamawa, kunne yakan ɗora wa abin da ido ke kallo laifi, kuma ido na kan na'urar ne saboda fitilunta.

Ka naɗe takarda ta zama bututu, ka sa baki ɗaya a kunne, ɗaya bakin ka kai shi kusa da kowane abu bi da bi. Inda ƙarar ta fi ƙarfi za ka ji bambanci ƙarara. In kunnenka bai kama ba, buɗe manhajar ɗaukar murya a waya, ka kai makirfon kusa da kowanne na ɗan lokaci, sannan ka saurara da iyafis.

Daga nan sai gwaji uku, kuma a jere ake yin su. Na farko, zare duk sauran cajoji daga ralonj ɗin, ka bar na wifi kaɗai. In ƙarar ta ɗauke, to cajar wata waya ce, ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ta bayyana. Na biyu, zare wayar caja daga bayan na'urar amma ka bar cajar a soket. In ƙarar ta ci gaba, magana ta ƙare: caja ce, domin na'urar a mace take yanzu. Na uku, mayar da wayar, ka nisanta na'urar daga cajar iya tsawon wayar, ka sake saurarar kowacce. Wata cajar ba ta ƙara sai an ɗora mata nauyi, wata kuma sai an sauke mata.

Ka kuma kai su duka wani soket a wani ɗaki, ba tare da ralonj ba. Ralonj mai arha da ƙarafunan cikinsa suka saki yana yin ƙara da kansa.

Ka nemi matashi ya taya ka saurare. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga hertz 20 zuwa wajen 20,000, wato yawan girgizar sautin a daƙiƙa ɗaya, amma da shekaru suka ja, saman nan shi ke fara tafiya. Na taɓa zama a falon wani maƙwabcinmu ana wannan gardama. 'Yarsa ta ce, "Baba, wallahi abin nan ba ya bari in yi barci." Ya karkata kai wajen na'urar, ya yi shiru, ya ce, "Ke dai, ni ban ji komai ba." Dukansu gaskiya suka faɗa. Da yarinyar ta ɗauki bututun takarda, ba ta yi minti ɗaya ba ta nuna cajar da ke maƙale a bayan kujera. In yaro ya ce yana jin ƙara, a yarda da shi.

Me ke yin fiton?

Siririn fiton nan mai kama da kukan sauro, wanda shi aka fi kawo ƙorafi a kai, daga kwayil yake fitowa. Wutar gidajenmu a Kamaru da Cadi volt 220 ce, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Na'urar wifi kuwa volt 12 ko 9 take sha, wasu ma 5. Aikin caja shi ne rage wutar, kuma cajojin yanzu marasa nauyi suna yin haka ne ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau dubbai masu yawa a daƙiƙa ɗaya, ta cikin ɗan ƙaramin tiransifoma. A cikin na'urar ma akwai wasu ƙananan kwayil da ke sake rage volt 12 ɗin zuwa abin da ƙwaƙwalwarta ke buƙata. Kwayil waya ce ta jan ƙarfe da aka nannaɗe. Duk lokacin da wuta ta ratsa ta, sai ta zama maganaɗisu, ta ɗan motsa. In saurin motsin ya wuce abin da kunne ke ji, shiru za ka ji. In ya sauko ƙasa da 20,000, sai fito ya bayyana.

Wannan ne ya sa wata cajar take fito lokacin da na'urar ba ta aikin komai, misali tsakar dare: da nauyi ya ragu sai ta koma aiki tsinke-tsinke don tattalin wuta, saurin ya faɗo inda kunne ke kamawa. Wata na'urar kuma sai ana sauke bidiyo take ɗan tsiri-tsiri, da an gama ta yi shiru.

Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne: tun tana sabuwa take yi, ko daga baya ta fara? Fiton da na'ura ta zo da shi tun ranar farko, bai ƙaru ba, ba zafi, intanet ba ya yankewa, yawanci ba haɗari ba ne, takura ce kawai. Wanda ya fara bayan shekara ɗaya ko biyu, yana ƙaruwa, na'urar kuma ta soma mutuwa tana tashi da kanta, wannan alama ce cewa kafasitocin ciki, wato ƙananan kayan da ke riƙe wuta suna tace ta, sun gaji.

Gurnani mai kauri kuwa, zuuu, daga kai-komon wutar gida ne. An fi jin sa a tsoffin cajoji masu nauyi da sitabilaiza, inda faifan ƙarfen tiransifoma suka saki suna karkarwa.

Mataki na biyu: caja

A nan zan daɗe, don a nan yawancin matsalar take, kuma a nan ake tafka ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce aron caja irin taka daga maƙwabci. Amma "irin taka" ba a gane ta da ido. Cajoji da yawa bakinsu ɗaya, wutarsu daban. Ka juya na'urar, a ƙarƙashinta akwai takarda da aka rubuta abin da take sha. Ka duba jikin cajar, inda aka rubuta Output ko Sortie. Abu huɗu ake dubawa.

Volt, mai alamar V, dole ya zama daidai, babu ragi babu ƙari. Yawancin na'urorin 4G na Huawei da ZTE masu ɗaukar sim 12V suke sha. Ƙananan TP-Link da yawa 9V ne. In ka sa cajar 12V a na'urar 9V kana iya ƙona ta. Mafi muni shi ne cajar laftof, mai 19V, wadda bakinta kan shiga ramin wasu na'urorin daram. Shigar baki ba ta nufin komai.

Amfiya, mai alamar A, ta cajar ta kai abin da aka rubuta a na'urar ko ta fi shi. In na'urar ta ce 12V 1A, cajar 12V 1.5A ko 2A ta yi, har ma ta fi, domin na'urar abin da take buƙata kawai take ja, cajar kuma ba za ta wahala ba. Mai 0.5A kuwa za ta yi zafi, ta yi fito, na'urar ta riƙa mutuwa duk lokacin da mutane suka yi yawa a kanta. Mutane da yawa suna tsoron babbar amfiya, su sayi ƙarama, alhali ƙaramar ce matsala.

Na uku, ɓangaren wuta. Akwai ɗan zane a jikin caja: ɗigo a tsakiya, rabin zobe a kewaye, da alamar + da −. A kusan duk na'urorin wifi, + ɗin tsakiya yake nunawa. Ka tabbata zanen cajar da na na'urar sun yi daidai.

Na huɗu, girman baki. Wanda aka fi samu faɗinsa milimita 5.5 a waje, 2.1 a ciki, amma akwai mai 2.5 a ciki wanda da ido ba ka bambanta su. In bakin yana lilo a ramin, zai riƙa yankewa yana haɗuwa, ka ji ƙananan ƙas-ƙas. Shi ya sa nake cewa ka tafi kasuwa da na'urar da tsohuwar cajar duka, a gwada a gabanka.

Wajen saye, ka ɗauki cajar a hannu ka auna. Wadda ta yi sakayau fiye da kima, rubutun jikinta ya dusashe ko yana gogewa da yatsa, ka ajiye ta. Irin waɗannan an rage musu kayan tace wuta da na kariya, kuma lambar da aka rubuta a jikinsu ba kullum take gaskiya ba. Ni a wurina, cajar asali ta hannu, wadda aka cire daga matacciyar na'ura ko dikoda mai volt ɗaya, ta fi sabuwa marar suna. Caja mai makunnin zaɓen volt, daga 3 zuwa 12, ba na son ta a gidan da ke da yara. Hannu ɗaya ya murɗa makunnin, shi ke nan.

In kana da mitar gwajin wuta, sa ta a kan DC, jan tsinke a cikin ramin baki, baƙi a jikin waje. Cajar 12V ta nuna tsakanin 11.4 da 12.6. Sai dai caja mai gajiyayyen kafasita tana iya nuna 12 cif lokacin da ba a ɗora mata komai ba, ta zube da zarar na'urar ta fara ja. Gwajin aron caja ya fi mita faɗin gaskiya.

Kada ka fasa caja don ka gyara. A cikinta akwai kafasita mai riƙe fiye da volt 300, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare daga soket. Cajar da aka fasa aka ɗaure da salatif ba ta sake zama abin amincewa.

Mataki na uku: wutar da kake ba ta

In ka canza caja ƙarar ba ta tafi ba, ko tana zuwa tana tafiya, ka lura da lokacin da take zuwa. Da yamma lokacin da kowa ya kunna kaya? Lokacin da aka tayar da janareto? Lokacin da aka koma kan inbata, abin nan da ke mayar da wutar batir irin ta gida?

Mu a arewa mun san halin wutarmu. Shekaru da yawa yankin ya dogara ne kan madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai kudu da Garwa, wadda aka gama a 1982, mai ƙarfin megawat 72. Da rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, abin da take bayarwa sai ya ragu, daidai lokacin da zafi ya sa kowa ke neman fanka da firji. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun ƙara wani abu, amma ɗaukewar wuta da raguwarta har yanzu abu ne da mai kayan lantarki zai shirya masa. Yawancin cajoji an rubuta musu 100–240V, wato suna jure raguwar wuta sosai. Abin da ke gajiyar da su shi ne fizgar da wuta ke yi lokacin da ta dawo, da ɗaukewa da dawowa a jere. Da an ɗauke wuta, kashe makunnin soket ɗin. In ta dawo, bari ta zauna na wasu mintoci kafin ka kunna. Da damina kuma, in hadari ya haɗu ana tsawa, zare filogin gaba ɗaya, musamman in kana da eriya a saman rufi ko wayar intanet da ta shigo daga waje.

Ƙaramin janareto yana ba da wuta mai hawa da sauka, musamman in mai ya kusa ƙarewa ko firji ya tashi. Inbata mai arha kuma wutarta ba ta da santsin ta layi, tsalle-tsalle take yi, shi ya sa caja da fanka suke gurnani a kanta. In ƙarar a kan inbata kaɗai take zuwa, na'urarka lafiya lau take. Ko dai ka nemi inbatar da aka rubuta wa pure sine, ko ka bi hanyar da na fi so, wato ka cire inbata daga lissafin.

Na'urar 12V ba ta da buƙatar a ɗaga wutar batir zuwa 220 sannan a sake sauke ta zuwa 12. Ana sayar da ɗan ƙaramin akwatin batir na wifi, mai ramukan 9V da 12V, wanda ke zama tsakanin caja da na'urar: wuta ta ɗauke, intanet bai ko girgiza ba. Mai sola kuma yana iya jan waya daga batirinsa, amma da sharaɗi. Batirin da ake kira na 12V yana haura wajen 14.4 lokacin da rana ke cajinsa. Wasu na'urorin suna jurewa, wasu ba sa jurewa. A sa ɗan abin daidaita wuta da ke tsayar da ita a 12 cif, da fiyus a kan wayar +, kusa da batirin. Mai haɗa sola ya san su.

Ƙas, ƙas da ake ji jefi-jefi daga sitabilaiza ba lalacewa ba ce, makunnan cikinta ne ke sauyawa suna bin hawa da saukar wuta. In ta dame ka, na'urar wifi mai cajar 100–240V za ta iya rayuwa ba tare da ita ba. Ralonj mai kariyar fizgar wuta ya fi mata amfani.

Mataki na huɗu: zafi da ƙura

Ka duba takardar da ta zo da na'urar. Yawancinsu an rubuta za su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40. A Garwa da Marwa, a watannin Maris da Afrilu, iskar waje kanta tana wuce 40, balle ɗaki mai rufin kwano ba silin. Wato akwai watannin da na'urar ke aiki a bakin iyakarta tun kafin ta ƙara nata zafin. Masu harkar lantarki suna da ƙa'idar da suke aiki da ita: duk ƙarin digiri 10, rayuwar kafasita mai ruwa a ciki tana raguwa da rabi. Ruwan yana bushewa, kafasitan ya kasa tace wuta, kwayil ya fara kuka.

Sai ga al'adarmu ta rufe kaya. Saboda ƙurar hunturu, uwar gida takan yafa wa talabijin da dikoda da wifi ƙyalle mai ado. Niyyar mai kyau ce, kuma ga talabijin da ke kashe babu laifi. Amma wifi dare da rana take kunne, ramukan jikinta kuma ta nan zafi ke fita. A cire ƙyallen. Kada a ɗora ta a kan dikoda ko firji, kada a sa ta a taga inda rana ke bugu, kada a kulle ta a durowa. A bar mata sarari kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe. Mai kwanciya a ɗaga ta da murafun kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙasa, ko a rataye ta a bango in tana da ramukan ƙusa.

Wajen shara, zare wuta tukuna. Tsohon buroshin haƙori busasshe ya isa ya share ramukan, sai a hura da robar hura iska irin ta masu gyaran waya. Ban da ruwa, ban da fetur, ban da hurawa da baki, don danshi na shiga. In ka ga kiyashi na shiga da fita ta ramukan, sun yi gida a ciki saboda ɗumi. Kashe ta, ka ajiye a inuwa mai iska har su watse, kada ka fesa mata maganin ƙwari.

Ƙalilan daga cikin manyan na'urori suna da fanka a ciki. Ita ƙararta daban ce, shuuu na iska, ko gar-gar in ƙura ta cika ta ko gindinta ya ci. Shara takan wadatar. In ba ta wadatar ba, a canza fankar. Kada a cire ta a bar na'urar haka.

In daga lasifika ƙarar ke fita

Wani lokaci na'urar shiru take, amma rediyo ko lasifikar da ke gefenta ce ke dit-dit-dit. Siginar sim ce ke shiga wayoyin sauti, kuma an fi jin ta idan layi ya faɗo 2G, wanda ke aika saƙo tsinke-tsinke wajen sau 217 a daƙiƙa. Nisanta su da mita ɗaya ko biyu, ka raba wayoyinsu, shi ke nan.

Mataki na biyar: saitin ciki

In ka tabbatar fiton daga cikin na'urar yake, kuma yana bin aiki, akwai abin gwadawa kafin a kai ga sukudireba. Ka haɗa wayarka da wifin, ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin da ke takardar ƙasan na'urar. Na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, na TP-Link da ZTE kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowane shafi, musamman na APN, wato saitin da ke haɗa sim ɗinka da MTN, Orange ko Camtel, ko Airtel da Moov ga 'yan'uwa na Cadi.

Canji ɗaya ake yi a lokaci guda, a saurara, sannan a wuce. Ka duba ko akwai sabuwar manhajar na'urar, amma kada ka fara sabuntawa sai kana da tabbacin wuta ba za ta ɗauke a tsakiya ba, domin yankewa a wannan lokaci na iya kashe na'urar gaba ɗaya. In akwai wurin rage ƙarfin wifi, sauke shi zuwa matsakaici. Gida mai ɗaki biyu ko uku ba ya buƙatar cikakken ƙarfi. In tana watsa wifi iri biyu, mai 2.4GHz da mai 5GHz duka, kashe ɗaya ka ji. Ka duba jerin waɗanda ke kan wifin, in akwai baƙin wayoyi, canza kalmar sirri.

Ga masu sim, ƙarfin sigina na da hannu a ciki. Na'urar da ke lungu tana fama da sanda ɗaya tana ƙara ƙarfin aikawa don ta kai ga eriyar kamfani, ta ja wuta da yawa, ta yi zafi. Matsar da ita kusa da tagar da ke fuskantar eriyar, a gefen inuwa. In 4G na da ƙarfi a unguwarku, tsayar da ita a kan 4G kaɗai don ta daina tsalle tsakanin layuka.

Maɓallin reset da ke ɗan rami a baya shi ne na ƙarshe. Yana goge sunan wifi da kalmar sirri da duk saitinka, kuma da wuya ya magance ƙarar da ta fito daga kwayil.

In fiton marar haɗari ne

Ka gwada komai, na'urar ba ta zafi, intanet lafiya, fiton dai yana nan. To a nan sai dabarar zama da shi. Fitar da ita daga ɗakin kwana zuwa falo ko baranda mai rufi inda ruwa da rana ba sa kaiwa. Siririn sauti ba ya ratsa bango da ƙofa sosai. In a kan tebur na katako ko faranti na ƙarfe take, sa mata guntun robar silifa a ƙarƙashin ƙafafu, don wani lokaci teburin ne ke ƙara wa sautin ƙarfi. In ba mai amfani da ita da dare, a kashe ta, ta huta daga zafi, wuta ma ta ragu. Abin da ba a yi shi ne naɗe ta da tsumma ko cusa ta a kwali don a danne ƙarar.

Wurin mai gyara

In na'urar sabuwa ce kuma da garanti, kada ka kwance ko sukuru ɗaya. Ɗauki ƙarar a waya, ka haɗa da rasit da kwali da caja, ka mayar inda ka saya. In daga kamfanin layi ka karɓe ta, ofishinsu za ka nufa.

In garanti ya wuce, nemi mai gyaran talabijin da dikoda, don su suka fi sabawa da ɓangaren wuta. Ka je da cajar. Mai gyara na ƙwarai abin da zai fara cewa shi ne, "Malam, kawo cajar tukuna," ya gwada da tasa kafin ya buɗe komai. In ya buɗe, ka roƙe shi ya nuna maka kafasitocin, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allo kusa da ramin caja. Lafiyayye kansa a shafe yake, da tsagar kuros a sama. Wanda ya mutu kansa ya tasa, wani ma ya tsage ya fitar da busasshen abu ruwan ƙasa. A canza shi da mai lamba ɗaya, volt ɗinsa daidai ko sama, kuma ka ce a sa wanda aka rubuta wa 105°C, ba mai 85°C ba. A yanayinmu wannan bambancin yana da yawa. Kwayil mai karkarwa kuma akan ɗiga masa irin gam ɗin kayan lantarki mai jure zafi. Yana rage fiton, ba kullum yake kashe shi ba.

In allon ya yi baƙi, ko akwai alamar ƙuna kusa da ƙwaƙwalwar, ko kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin sabuwa, a haƙura da ita. Cire sim ɗinka, ka danna reset in tana kunnuwa don kalmar sirrinka ta goge, ka ajiye cajar in lafiyayya ce. Wajen sayen sabuwa, ka ce a kunna maka ita a shagon, ka haɗa wayarka, ka buɗe bidiyo, ka kai kunnenka jikin na'urar da jikin cajar. Ka tambayi kwana nawa suke karɓar kaya in an dawo da shi, a rubuta maka a rasit, domin hayaniyar kasuwa tana ɓoye fiton da sai a gida da dare zai fito. Kafin ka jona ta kuma, a gyara soket ɗin ko a canza ralonj ɗin da tsohuwar ta zauna a kai.